Ceto ne ko Ɗauki? Rundunar Laima ta 101 a Bastogne

Ɗan Fagge: Jama'a, abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya tashi zancen sojojin laima na Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, sai ka ji 101, 101, kamar babu wasu. Jiya ma wani yaro ya tsaya yana ja da ni a majalisa, wai su ne na farko. Alhali runduna ta 82 ta riga su shan wuta. Tun watan Yuli na 1943 aka zubo 'yan 82 a tsibirin Sisili, suka wuce Salerno, lokacin 'yan 101 ba su taɓa jin ƙarar harsashin abokin gaba ba. Sai ranar 6 ga Yuni 1944 a Nomandi suka fara. A Holan kuma 'yan 82 ne suka ƙetare kogin Waal da rana tsaka cikin kwale-kwalen tamfol, ana yi musu ruwan wuta, don su kama gadar Nijmegen. Su kuwa 101 da ake ta kambamawa, a garin Bastogne na Beljiyam ai sai da Janar Patton na Amurka ya zo ya cece su. Fim kawai ya ɗaga su.

Tsohon Kofur: Ya cece su? Ɗana, janye wannan kalma. Wanda ya faɗa rijiya ake ceto. Waɗannan mutane an kwaso su a manyan motoci daga Mourmelon ta Faransa, wasu ko rigar sanyi ba su da ita, aka ce su riƙe Bastogne, garin da hanyoyi 7 suka haɗu a cikinsa. Jamusawa suka yi musu ƙawanya, ranar 22 ga Disamba 1944 suka aiko da takarda su miƙa wuya. Janar McAuliffe, wanda ke jagorantar 'yan 101 a lokacin, ya mayar musu da kalma ɗaya tak ta raini. Mai neman ceto haka yake magana?

Mai Shago a Sabon Gari: Baba Kofur, da girmanka, amma ƙarfin hali daban, hali daban. Harsasan igwa sun kusa ƙare musu har ana ƙirga su. Tun daren 19 ga wata Jamusawa suka kama asibitin rundunar da yawancin likitocinsa. Masu rauni na kwance a ƙasa cikin sanyi, sai da aka shigo da likitocin fiɗa ta sama. Tankokin Creighton Abrams, wani hafsa a ƙarƙashin Patton, suka fasa ƙawanyar ranar 26 ga wata, sannan aka fitar da majinyata. Idan wannan ba ceto ba ne, mene ne sunansa?

Tsohon Kofur: Ka taɓa kwana a rami da bindiga?

Mai Shago a Sabon Gari: Ban taɓa ba, Baba. Amma kai ma ba ka je Beljiyam ba.

Malamar Hausa: Ku yi haƙuri in sa baki. Hausa ta raba waɗannan abubuwa. Ana ceton wanda ƙarfinsa ya ƙare. Ana kai ɗauki ga wanda yake tsaye yana fama. Tunda ba su ajiye makami ba, ɗauki aka kai musu.

Ɗan Gwammaja: Malama, to me ya sa muke cewa Allah Ya cece mu, alhali muna tsaye da ƙafafunmu?

Malamar Hausa: Kada ka haɗa sha'anin Ubangiji da tankar Patton, ƙanena.

Tsohon Kofur: Madalla da ke, Malama. Su kansu tsofaffin rundunar har suka tsufa ba su yarda an cece su ba. Tun 23 ga wata da gari ya washe jirage ke jefo musu harsashi da abinci da magani. Bayan buɗe hanyar ma ba gida aka kai su ba, gaba suka yi suna faɗa har cikin Janairu 1945.

Mai Shago a Sabon Gari: Wane soja ne zai ce an cece shi? Shaidar mutum a kan kansa ke nan.

Ɗan Fagge: Ni fa maganata a kan 82 take. Har yanzu ba wanda ya tanka batun Sisili.

Ɗiyar Maraɗi: Abin da ke ba ni haushi, kuna ta 101 da Patton kamar su kaɗai ne a wurin. Akwai tankokin runduna ta 10 a cikin ƙawanyar, sun ma riga yawancin 'yan laima isa. Akwai baƙaƙen fata na bataliyar igwa ta 969 da suka yi ta harbi daga ciki har aka ba bataliyar lambar yabo, a zamanin da sojan Amurka ke ware baƙi daban. Kuma 'yan bataliya ta 333 su 11, su ma baƙaƙe, dakarun SS na 'yan Nazin Jamus suka kashe su a ƙauyen Wereth ranar 17 ga Disamba bayan sun kama su. Wa ke ambatonsu?

Ɗan Gwammaja: Gaskiya ne, Yaya. Ni ma kakana ɗan 82 ne, kuma ba wanda ya yi fim ɗinsa.

Mai Shago a Sabon Gari: Wace 82? Kakanka ya diro da laima a Nomandi?

Ɗan Gwammaja: A Bama ya yi yaƙi. Kada ka raina mini kaka.

Tsohon Kofur: Ba raini ba ne, jikana, lamba ce ta zo ɗaya. Tasa ita ce runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, ƙarƙashin Ingila, wadda ta kara da Japanawa a yankin Arakan na ƙasar Bama. Kuma kada wani ya ce mutanenmu ba su shiga yaƙi ta sama ba. A 1944 an ɗauki bataliyoyi 3 na Najeriya a jirgi, aka sauke su a bayan Japanawa cikin rundunar da Janar Wingate na Ingila ya kafa.

Mai Shago a Sabon Gari: Jirgin ne ya sauka da su, ba tsalle suka yi ba.

Ɗan Gwammaja: Kai dai ba ka son a yabi kowa. Ɗazu 101, yanzu kakanninmu.

Mai Shago a Sabon Gari: Ni na zagi kakan wani? A nuna mini inda na faɗa.

Ɗan Fagge: Sisili fa, jama'a?

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta, an tabbatar cewa ba a ceci runduna ta 101 ba, ɗauki aka kai mata, kamar yadda Baba Kofur ya bayyana da hujja kuma Malama ta ƙarfafa. Baba ya sa kaki, ya san abin da yake faɗa. Mai Shago ya kawo batun asibiti, amma bai isa ya ture maganar manya ba, kuma ina roƙonsa ya nemi afuwar Ɗan Gwammaja. Ɗiyar Maraɗi, mun gode, sai dai batunki na wani zama ne. Ɗan Fagge, ka goge kalmar ceto daga rubutunka kafin safe.