Idan aka ɗauke wuta injin CNC yana tsakiyar yanka: abin da ya same mu a Legas

Mai koyon aiki, daga Agege

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Wata na takwas ke nan ina tsaye a kan injin milin na CNC, wato injin sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke tuƙawa, mai kwantirolar kamfanin Fanuc, a wani wurin aiki da ke Oregun, kuma ranar Talatar da ta wuce na yi ɓarnar da har yanzu kunyarta ba ta sake ni ba. Ina cikin fafe rami a jikin farantin ƙarfe da wuƙa mai kaurin milimita 12 sai aka ɗauke wuta. Da aka tayar da janareta na kunna injin, na nemo layin furogiram da nake zaton a nan ya tsaya, na danna maɓallin farawa. Wuƙar ta gangaro da gudu ta nutse cikin farantin ta karye, aikin kwana biyu ya tafi. Maigidana bai ce mini uffan ba, kuma shirun nasa ya fi mini faɗa ciwo. Ina roƙon duk wanda wuta ta taɓa yanke wa aiki ya gaya mana abin da ya same shi da yadda yake yi yanzu.

Dattijo mai aiki a Apapa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya mayar da alheri. Abin da ya same ka ya same ni tun kafin a haife ka, kuma ina kyautata zaton dalilin ɗaya ne. Injin da aka kashe aka kunna ba ya tuna wace wuƙa ce a bakinsa. Tsawon wuƙa yana shiga lissafi ne sa'ad da injin ya karanta layin G43 tare da lambar H da ke riƙe da tsawon wuƙar, kai kuma ka tsallake wannan layin ka fara daga ƙasa. Idan a wurinku ana auna tsawon wuƙa daga bakin sandar da ke juya ta, to injin ya ɗauka bakin sandar ne zai kai zurfin da aka rubuta, shi ya sa ya tura wuƙar gaba ɗayanta cikin ƙarfe.

Tun daga ranar da na karya tawa, ban sake tayar da aiki daga tsakiya ba. Da farko nakan ɗaga Z, wato gefen sama da ƙasa, da abin murzawa na hannu har wuƙar ta fita daga aikin, in duba bakinta, domin wuƙar kabaid da ta tsaya cak a cikin yanka sau da yawa takan ɓantare ko da ido bai gani sosai ba. Sannan in mayar da kowane gefe gidansa, wato sifilin injin, Z tukuna. Bayan haka sai in sa agogon awo in taɓa gefen aikin ko ramin da na ɗauki sifili a kansa, in tabbatar abin da ke cikin G54, inda ake ajiye sifilin aikin, yana nan daidai. Sai na gama wannan duka nake komawa layin da aka canza wuƙar, in sa injin ya riƙa tafiya layi ɗaya ɗaya, in rage gudun tsalle zuwa kashi 25, idona yana kan allon da ke nuna tazarar da ta rage, yatsana yana kan maɓallin tsayarwa. Yankan iska na minti goma bai taɓa sa kowa asara ba.

Mai rubuta furogiram, daga Ilupeju

Baba ya faɗi gaskiya, amma ina ganin rabin laifin na wanda ya rubuta furogiram ɗin ne. Furogiram da aka rubuta a ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa yakan faɗi G90 (umarnin auna komai daga sifili) da G54 sau ɗaya a sama, ya dogara da cewa injin zai riƙe su har ƙarshe. Mu a nan ba mu da wannan gatan. Na taɓa ɗaure ayyuka biyu a kan tebur ɗaya, na farko a G54, na biyu a G55. Wuta ta tafi muna kan na biyu, abokin aikina ya tayar da injin daga tsakiya, kwantirola ta farka a G54 kamar yadda ta saba, ta je ta huda aikin farko da muka riga muka gama. Tun daga nan kowace wuƙa a furogiram ɗina tana da cikakken layin buɗewa nata: G17 G40 G49 G80 G90, sai lambar sifilin aikin, sai gudun juyawa da M03, sai G43 da H, sai M08 na ruwan sanyaya. Nakan kuma sa lambar N ta yi daidai da lambar wuƙa, yadda mai aikin dare zai nemo N5 ya san wuƙa ta biyar ce ba tare da ya buga mini waya ba.

Wuƙa ɗaya da za ta yi awa uku tana gyaran fuskar mol, wato ƙarfen da ake zuba kaya a ciki su fito da siffarsa, ita ma nakan yanka aikinta gida-gida, kowane yanki da layin buɗewarsa, kada ya wuce minti 20 zuwa 30. Wannan ya fi muhimmanci ga masu tura furogiram kai tsaye daga kwamfuta ta wayar RS-232 saboda ƙwaƙwalwar injin ta yi ƙanƙanta, domin su idan wuta ta tafi ba su ma da tabbacin inda aka tsaya.

Mai injin fiƙe ƙarfe, daga Matori

Ku masu milin wuƙa kuke asara, mu masu injin juyi abin yana iya kaiwa ga jikin mutum. Ina gyaran fuskar wani faifai mai faɗi da G96, wato injin yana ƙara gudu duk sa'ad da wuƙa ta matso tsakiya, sai wuta ta tafi. Na tayar daga ƙasan layin G50 da ke iyakance gudun, ban san cewa iyakar ta goge da kashewar injin ba. Wuƙar tana kusantar tsakiya sai na ji ƙarar ta canza, injin ya fara rawa, Allah ya taimake ni na buga jan maɓalli kafin faifan ya kuɓuce. Yanzu G50 yana gaban kowane G96 a wurina, ko da sau goma ne a furogiram ɗaya.

Ga masu yanka tiredi da G76 kuma, ƙanena, kada ka kwance aikin daga bakin injin. Muddin bai motsa ba, kuma ka koma da gudu ɗaya da wurin farawa ɗaya a Z, wuƙar za ta bi tsohon sawunta. Idan ka kwance ko ka canza gudun, tiredi biyu za ka samu a kan juna.

Dattijo mai aiki a Apapa

Na manta da maganar tap, wato wuƙar da ke yanka tiredi a cikin rami. Idan wuta ta tafi tap yana cikin rami, kada a ɗaga Z, domin tap ɗin M10 da ya shiga ramin milimita 8.5 ya riga ya kama, ɗagawa karya shi za ta yi. A sassauta notin da ya riƙe shi, a ɗaga sandar ta bar shi a tsaye cikin aikin, a warware shi da hannu. Wanda na karya a cikin wani bulo sai da aka kai wa masu injin tartsatsi suka ƙone shi, kuɗin ya ninka na tap ɗin sau da yawa. Ni yanzu aikin tap da yankan ƙarshe a kan janareta nake yin su, ko da akwai wuta.

Mai gyaran lantarkin injuna, daga Idi-Araba

Baba, da girmamawa, wannan shawarar tana da sharaɗi. Na farko akwai kuɗi: a watan Afrilun 2024 aka mayar da wutar rukunin A naira 225 kowane yunit, amma a shekarar litar dizal ta haura naira 1,000, don haka ba kowane maigida ne zai yarda a kunna janareta ana da wuta ba. Na biyu, injuna da yawa idan sandarsu za ta tsaya takan mayar da wuta baya cikin layi. Babban layi yakan shanye ta, ƙaramin janareta kuwa ba ya iyawa, sai ƙarfin wutar ya haura, injin ya yanke da kansa. An kira ni wani wuri a kan wannan har sau uku ana zargin kwantirola, alhali janaretan ne ya yi kaɗan. Da aka samo babba, aka kuma tsawaita lokacin tsayawar sandar, matsalar ta kau.

Wani wurin kuma bayan an yi gyara a akwatin canjin wuta aka juya fes biyu, wato aka musanya biyu daga cikin wayoyin wuta uku. Allon injin ya kama lafiya, amma famfon ruwan sanyaya yana juyawa baya, wuƙa tana yanka a bushe. Duk wanda aka taɓa masa wayoyin janareta ya dubi kibiyar da ke jikin famfo kafin ya fara aiki.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne batir. Faramita da ofset, wato saitin injin da awon wuƙaƙe da sifili, suna zaune ne a ƙwaƙwalwar da ƙaramin batir yake riƙe wa, kuma a injinan da ke tuna matsayinsu bayan an kashe su akwai wani batirin dabam na enkoda, wato na'urar da ke auna matsayin kowane gefe. Injin da ke yawan zama a kashe ya fi cin batirin nan. A tsofaffin Fanuc, idan ka ga gargaɗi mai lamba 307 ko 308, batirin enkoda ya yi rauni. Idan ka ga 300, sifilin injin ya riga ya ɓace sai an sake kafa shi. Ana canza batirin ne injin yana kunne, don haka a Legas a yi shi a kan janareta, kada wuta ta tafi batir yana hannunka. Na taɓa kwana huɗu ina shigar da faramita da hannu daga wata takarda da danshi ya cinye rabinta, saboda an sayo injin na hannu babu wanda ya kwafi komai a katin ajiyar bayanai.

Mai koyon aiki, daga Agege

Na gode, Baba, na gode yayyena, Allah ya ƙara buɗi. Yau da safe na buɗe furogiram ɗin, na tarar G43 yana layi 140 a saman inda na tayar, kamar yadda Baba ya yi zato. Na kuma lura akwai rubutun BAT da ke ƙyaftawa a ƙasan allon, wanda na daɗe ina gani ban san ma'anarsa ba. Na nuna wa maigida, ya ce gobe za a kawo batir da kati, za mu kwafi faramita tukuna sannan a canza. Sabon farantin yana kan tebur, kuma yayana na Ilupeju, idan ba damuwa zan turo maka furogiram ɗin da na sake wa layukan buɗewa ka duba mini kafin in saki wuƙa.