Hayis tana kakkarwa da asuba: wai laifin ruwa-ruwa ne?

Mai Hayis ɗin Magarya: Assalamu alaikum jama'a. Tun shigowar hunturun nan motata ke ba ni ciwon kai. Hayis ce mai esans, injin 2RZ mai injekta. Da asuba in na tada ta a ƙofar gida nan Garin Malam, sai ta kama kakkarwa kamar mai masassara, madubin gefe har rawa yake, in na ɗaga ƙafa daga totur ta mutu. Kafin in gama lodi a tasha ta warware, Magarya zuwa da dawowa ko tari ba ta yi. Na sa buji huɗu sababbi fil, jiya iyau.

Ɗan Kamasho: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka wahal da aljihunka. Man ruwa-ruwa ne, wanda ƴan jarka ke sayarwa a bakin titi. Duk motar da ke rawar sanyi da safe a garin nan, bincika ka gani, man kwalba take sha. Ka koma gidan mai ka sha na matatar mai ta SORAZ sati guda, ka zo ka ba ni goro.

Baba Makanike: Kai yaro, "duk" ɗin nan taka ta yi yawa. Man da ya tada ta da asuba shi ne dai a tankinta da azahar. In gurɓatacce ne, me ya sa yake tuba da rana ta fito? Mugun mai a kan hanya yake nuna hali, lokacin da ka ɗauko mutum goma sha tara kana hawan tudu.

Ɗan Kamasho: Baba, da girmanka, amma ruwa ya fi esans nauyi. Mota ta kwana a tsaye, ruwan ya kwanta a gindin tanki, famfo kuma daga ƙasa yake ja. Abin da ta fara sha da safe ke nan. Da ta motsa sai ya gauraye.

Baba Makanike: To, wannan magana ce, ban ƙi ta ba. Amma gwajinta kyauta ne. Alhaji, gobe kafin ka murza makulli, a cire maka tiyon mai a tara rabin kwalba fara, ka aje ta a kan dakali minti goma. In da ruwa za ka gan shi a ƙasa, da layi tsakaninsa da man kamar an ja da zare. In babu, a bar ƴan jarka su sarara.

Direban Tanut: Tawa haka ta yi bara, bujin zafi ne biyu suka ƙone.

Baba Makanike: Taka 5L ce mai gazuwal, ɗan'uwa. Tasa ba ta da bujin zafi ko ɗaya.

Hajiya Mai Motoci: Ni abin da ke ba ni dariya, matatar nan ta hanyar Tanut tun 2011 take aiki, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ma harkar jarka ta canja kamanni. Amma har yau ko taya ce ta sace, ruwa-ruwa. Ina da mota uku a hanyar Matamai, gidan mai ɗaya suke sha, guda ɗaya ce kawai ta yi wannan ciwon. Sai da aka canja mini famfon mai da tacen mai da bobin kafin a gano. Sunan garejin ba zan faɗa ba, Allah ya isa dai na riga na yi.

Mai Hayis ɗin Magarya: Hajiya, me aka gano a ƙarshe?

Hajiya Mai Motoci: Wani ɗan abu kamar ɗan yatsa da ke gaya wa kwamfutar mota zafin ruwan inji. Yaron Baba ya fi ni sanin sunansa.

Yaron Gareji: Sansar zafin ruwa ce, Hajiya. Inji mai sanyi yana son mai da yawa, don esans ba ya tashi tururi sosai, wani yana maƙalewa a bangon bututun iska. A tsofaffi masu kabireta shi ya sa ake jan shoke. A mai injekta sansar ce ke cewa "akwai sanyi, ƙara mai". In ta yi ƙarya ta ce inji da zafi, sai a ba shi abincin rana da asuba, ya yi ta shaƙewa har ya ɗumama da kansa. Da mita ake kama ta: a zafin digiri 20 tana ba da om 2,000 zuwa 3,000, a digiri 80 ta sauko wajen 300.

Baba Makanike: Ya faɗa daidai, ni na koya masa. Amma ni zuciyata ta fi karkata ga iskar sata. Tsakanin bututun iska da kan inji akwai gasket, ga kuma ƙananan tiyoyin roba da zafin Damagaram ya soya shekara da shekaru. Da sanyi ƙarfe yana tsukewa, kafa ta buɗe, iska ta shiga ba da lissafin kwamfuta ba. Inji ya ɗau zafi, ƙarfe ya kumbura ya toshe kafar da kansa. Shi ya sa in ka kawo mini ita ƙarfe goma na safe zan rantse maka lafiyarta lau. Ka bar ta ta kwana a gareji. Da asuba mu tada ta, mu fesa ruwan sabulu a gefen gasket ɗin, inda muryarta ta sauya nan ɓarawon yake. Kuma kada wani ya ce maka a fesa esans, na ga gemun da ya ƙone a haka.

Abu ɗaya nake fatan kada ya zama shi. Alhaji, kana ƙara ruwa a lagireto?

Mai Hayis ɗin Magarya: Sai in yi wata ban ƙara ba, Baba. Farin hayaƙi kuma ɗan kaɗan ne, minti biyu ya ɗauke.

Baba Makanike: Alhamdu lillahi, wannan raɓar salansa ce. Da ruwa na raguwa, ga hayaƙi mai kauri, ga buji ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi, da na ce gasket ɗin kan inji ke ɗiga ruwa cikin silinda da dare. Wannan sai an sauke kai.

Mai Hayis ɗin Magarya: Jama'a barkanmu da safiya. Ta kwana wajen Baba. Bayan sallar asuba muka tada ta, yaro na fesawa, da ya zo wajen silinda ta uku sai ta yi wani gum kamar za ta mutu, ruwan kuma muna kallo ya tsotse shi. Gasket ɗin ya tsage kamar busasshen ganyen kuka. Yanzu yaron ya tafi neman sabo.

Ɗan Kamasho: To kwalbar fa? An tara?

Mai Hayis ɗin Magarya: An tara. Akwai ɗan ɗigo biyu a ƙasa, ba su kai cikin cokalin shayi ba.

Ɗan Kamasho: Ai ka ji! Goro na dai yana nan.

Baba Makanike: Zo gareji ka karɓa, ka taho da sifana mai lamba 12, tawa yaran nan sun ɓatar.