Wa ya kawo dawa da gero, Larabawa ko kakanninmu?

Daga zauren manoma da 'yan kasuwar hatsi na Gombe

Alhaji na Tudun Hatsi: Salamu alaikum jama'a. Wani baƙo ya zo rumfata yana cewa wai dawa da gero 'yan asalin Afirka ne. Ni abin da na taso na ji, Larabawa suka shigo da su ta hamada tare da alkama, zamanin ayarin raƙuma. Ko ba haka ba?

Malama daga Kumo: Wa'alaikumus salam Baba. Alkama na yarda, daga gabas ta zo. Gero kuwa a'a. Masu tonon kufai sun samu sawun ƙwayarsa a jikin fasassun tukwane a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, kusan shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa. Mutanen Nok na zamanin da ma, nan kudancin Kaduna, gero da wake suke nomawa. Lokacin raƙumi bai fara ratsa Sahara da kaya ba.

Alhaji na Tudun Hatsi: 'Yata, ke ma dai! Fasasshiyar tukunya ce za ta ba ni labari?

Ɗalibi daga Kashere: To Alhaji ga shaidar da ba tukunya ba. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya shiga Mali a 1352. Da kansa ya ce duk ƙauyen da suka sauka mata na fitowa da gero da nono da kaji da acca su sayar musu. Sayen gero ya yi a hannunsu, bai zo da iri ba.

Yaya na Bajoga: Ku daina taron dangi a kan dattijo. Ruwa ba ya tsami banza. Dawa daga gabashin Sudan ta fito, wajajen Kassala, tun da daɗewa kuma ta haye teku ta isa Indiya. Ana jin a can aka samu irin nan mai dunƙulallen kai, wanda wuyansa ke lanƙwashewa kamar ƙugiya, mai jure fari. Shi ya bazu a zamanin daulolin Musulunci, har Andalus da Italiya, ya kuma dawo Afirka. A Yaman, zamanin sarakunan Banu Rasul, daga 1229 zuwa 1454, dawa ce abincin mutanen Tihama, yankin gaɓar Bahar Maliya. Kun ga da hannun Larabawa a tafiyar.

Alhaji na Tudun Hatsi: Yawwa! Allah ya yi maka albarka.

Malama daga Kumo: Yaya, kar ka ba Baba igiyar da ba tasa ba. Yaɗa iri ɗaya daban, kawo dawa daban. Baba, ɗauko farafara a rumfarka ka duba zangarniyar: a sake take, tana lilo, ruwa ya doke ta ta bushe nan da nan ba ta yi fumfuna ba. Wannan ba halin shukar hamada ba ne. Manoman Afirka ta Yamma suka yi ta zaɓen iri har ta dace da irin damanarmu.

Manomi daga Dukku: Farafara dai ta fi tuwo, kaura kuma a bar wa masu kiwon kaji. Ku ci gaba, ina karantawa.

Ɗalibi daga Kashere: Amma fa a yankinmu gero ya riga dawa nesa ba kusa ba. A Gajiganna ta Borno ana noman gero fiye da shekara 1000 kafin haihuwar Annabi Isa. Dawar da aka tono a Daima, kusa da tafkin Chadi, ta wajen ƙarni na 9 zuwa na 10 miladiyya ce. Ina ganin daga gabas ta biyo, gona zuwa gona, ta hannun maƙwabta.

Alhaji na Tudun Hatsi: Ƙarni na 9? Ai fatake sun riga sun san hanyar Kanem lokacin. Kun dawo maganata ke nan.

Malama daga Kumo: Zamani ne ya zo ɗaya, Baba, ba hujja ba ce. Fatake gishiri da tufafi da dawakai suke saukewa, su ɗauki hatsin guzuri a nan.

Alhaji na Tudun Hatsi: Geron na bar muku. Dawa kuwa ban sallama ba tukuna. Ɗan Bajoga, ka leƙo rumfa ranar Asabar da zangarniyar nan mai wuyan ƙugiya, mu jera ta da farafara in gani.