Haɗa −4 da −2/3: ta wace hanya zan gyara wa ɗana?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. An ba ɗana −4 + (−2/3), sai ya rubuta −3 1/3, kuma da na duba littafinsa na ga ya debe sulusi biyun daga huɗu ne. Jarrabawarsa ta matso. Shin in koma da shi kan layin lambobi, wato layin da ake jera lambobi a hagu da damar sifili, ko kuwa in koya masa daidaita lambar ƙasa, kamar 3 a cikin 2/3?

Malamin lissafi: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki mayar da −4 ta zama −12/3, sannan ki haɗa lambobin sama, wato −12 da −2, ki samu −14/3, wanda shi ne −4 2/3.

Tsohon ɗalibi: Ni abin da ya cuce ni shi ne malamin da ya sa muka haddace cewa debewa da debewa na ba da tarawa, bai taɓa faɗa mana cewa dokar ninkawa ce ba. Shekara guda ina rubuta +4 2/3 a irin wannan tambaya, yana jan jan biro a kai ba tare da bayani ba, har na cire rai da lissafi. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Wani uba: Allah ya kyauta, ɗan'uwa. Ni da misalin bashi na fahimtar da 'yata: wanda ake bin sa huɗu, aka ƙara bin sa sulusi biyu, ai bashinsa ƙaruwa ya yi. Masanin lissafin nan na Indiya, Brahmagupta, ma da bashi ya bayyana irin waɗannan lambobi da ke ƙasa da sifili tun a shekarar 628.

Malamin lissafi: Alhaji, bashi yana aiki a tarawa, amma idan aka zo ninkawa yaron zai sake ruɗewa. Mu da muke cikin aji kullum mun sha ganin haka.

Wani uba: Malam, ai wanda ya zauna da yaro a gida shi ma ya ga abin da ya gani.

Tsohon ɗalibi: Ni rubutun −4 2/3 kansa nake zargi, domin yaro yana ɗauka alamar debewar ta tsaya kan huɗu kaɗai, alhali ta shafi ɓangaren ma. Me ya sa littattafai ba sa rubuta −(4 + 2/3) tun farko?

Mai tambaya: Na gode, amma har yanzu ba wanda ya ce mini komai game da layin lambobin.