Makara da asaimen: abin da aka tattauna

'Yan'uwa ɗaliban Gusau da Birnin Kebbi, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar da aka yi kan abin da ke faruwa idan ɗalibi ya miƙa asaimen (aikin da malami ke bayarwa) a makare:

1. Kusan kowa ya yarda hukuncin yana hannun malami. Wani ya rage maki, wani ya ƙi karɓa sam. A tambayi tsarinsa tun makon farko.

2. Asaimen yana cikin makin da ake tarawa kafin jarrabawa, yawanci 30 ko 40 cikin 100. Wanda ya zubar da 10 a nan, da kyar zai rama.

3. Mai uzuri ya sanar da malami kafin ranar miƙawa. In ciwo ne, ya kawo takardar asibitin makaranta.

4. Kada a bar bugawa sai safiyar ƙarshe: shagon kwamfuta ya cika, an ɗauke wuta, janareta ba mai. In wakilin aji ka ba asaimen ɗin, sa hannu a takardar sunaye a gabansa.

Inda aka rabu shi ne uzurin rashin sabis da rashin tsaron hanya. Wasu sun ce a sassauta, wasu sun ce malalata za su fake da shi. Ni dai ina ganin wanda hanya ta tsare a ƙauye ya cancanci ƙarin kwana biyu.