Ruwan bazara: yaya kuka yi tanadinsa a garinku?

Sakataren ƙungiyar matasa, yankin Gumel: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mun tara ɗan kuɗi don tanadin ruwa, amma kan jama'a ya rabu. Dattawa suna son a yashe tsohon tafki, matasa suna son burtsatse da tanki. Daga watan Maris har ruwa ya sauka, guga laka yake ɗebowa a rijiyoyinmu. Wanda ya taɓa wannan aiki ya faɗa mana abin da ya gani.

Malamin makaranta, Damagaram: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, garinmu a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake janyo mana ruwan famfo daga nesa, daga Gogo-Machaya da Arunguza da Ganaram. Abin da ƙishirwa ta koya mana shi ne lissafi kafin gini. A ce ku 600 ne, kowa lita 20 a rana, kwana 90 na bazara: lita miliyan 1 da dubu 80 ke nan, ba a sa dabbobi ba. Tankin roba na lita 5,000 ko yini ɗaya ba zai kai ku ba, aikinsa rarraba ruwa ne kawai. Mu mun sa indararo a rufin makaranta, ya zuba cikin rijiyar siminti mai murfi. Kowace milimita ta ruwan sama tana ba da lita 1 a kan murabba'in mita 1, don haka rufi mai murabba'in mita 200 a daminar milimita 500 zai tara lita dubu 100, sai a cire abin da ya zube. Na sha ne kawai, amma yara ba sa barin aji su tafi neman ruwa.

Manomi, Illela ta jihar Tawa: Malam ya yi gaskiya. Ni dai ina bayan dattawa, da sharaɗi guda: ku bi zurfi, ku bar faɗi. A ƙasarmu rana da iska suna shanye fiye da mita 2 daga saman ruwa a shekara, to tafki mai faɗi maras zurfi tun hunturu yake zama taɓo. Namu da gayya muka yashe shi a tsakiyar bazara, lokacin da gindinsa ya tsattsage, muka daɓe shi da yumɓu. A bakin da ruwa ke shigowa muka haƙa ƙaramin rami, muka jera duwatsu, yashi yana kwanta a nan kafin ruwa ya wuce, kowace shekara mu kwashe. Kada ku manta da shanu. Saniya guda tana shan wajen lita 25 a rana, in kuma ta shiga tafki da ƙafarta ta ɓata na kowa. Shinge muka yi, muka ajiye komi a waje. Tun kafin a fara muka zauna da ardo, kuma zaman nan ya fi shingen amfani.

Ma'aikaciyar lafiya, Haɗeja: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ruwan tafki ba na sha ba ne kai tsaye. An tabbatar da kawar da kurkunu a Najeriya da Nijar a 2013, tsargiya kuwa har gobe muna ganinta a jikin yaran da ke wanka a ruwan kwance. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. A tafasa ko a sa kulorin. Masu tara na rufi su zubar da ruwan farko, ƙura ce da kashin tsuntsaye.

Tela, Sakkwato: Ku haɗa hanya biyu ko da ƙanana ne. A 2018 madatsar Goronyo ta ja baya har ta koma kusan kashi 10 cikin 100, muka koma bin 'yan garuwa a cikin birni.

Uwargida, yankin Daura: Ɗana, duk ba ku taɓo wurin da ke mini ciwo ba. An yi mana burtsatse mai sola, muka yi guɗa. Da injin ya lalace babu ko sisi na gyara, tanki ya tsaya a sama fanko, 'yan mata suka koma sammako da jarkoki a ka. Sai da mu mata muka karɓi makulli. Yanzu kowace jarka da ɗan kuɗinta, ana rubutawa a littafi, ana karantawa gaban mai unguwa duk wata. Gidan marayu da tsofaffi ba sa biya. In bazara ta tsananta, safe da yamma kawai ake buɗewa, kowane gida da adadinsa. Ku yanke wannan tun ruwa yana nan, don in ya yi ƙasa ba mai sauraron wani.

Sakataren ƙungiya: Mun gode, Inna, Allah ya saka da alheri. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu fara ƙidayar gidaje da dabbobi. Baba na Illela, da kuka daɓe gindin tafkin, kaurin yumɓun ya kai nawa, kuma da hannu kuka yi ko da shanu?