Yaro ya tambaye ni shekarun duniya a Makarantar Lahadi, me zan ce masa?

Malamar Matasa:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Ni ce ke koyar da ajin matasa a Makarantar Lahadi a cocinmu, a nan cikin garin Katsina, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a rai.

Muna karatun Farawa sura 1, sai wani yaro ɗan aji biyar na sakandare ya ɗaga hannu. Natsattsen yaro ne, shi ke kaɗa mana ganga lokacin sujada. Ya ce malaminsu na kimiyya ya gaya musu haske yana gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda, kuma akwai wani tarin taurari, Andoromeda, da haskensa ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya kafin ya iso mu. Sai ya ce, "Anti, to yaya aka ce duniya ba ta wuce shekara 6,000 ba? In haka ne ai hasken ma bai ƙaraso ba tukuna." Kafin in buɗe baki wata yarinya ta jefo tata: in sai rana ta huɗu aka halicci rana, da me aka gane safiya da maraice na kwana ukun farko?

Na ce su ba ni mako guda. Ba na so in kwaɓe su, domin na ga yaran da aka rufe wa baki a coci, da suka shiga jami'a suka daina zuwa sujada gaba ɗaya. Kuma ba na so in faɗi abin da ya saɓa wa Maganar Allah. Ku taimake ni.

Tsohon Malamin Labarin Ƙasa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da ba ki kwaɓe su ba. Buɗe Littafi Mai Tsarki tun daga Farawa har Wahayi, ba za ki sami ayar da ta ce shekara 6,000 ba. Lissafin mutum ne. Wani babban bishop na ƙasar Ailan, James Ussher, shi ya tattara shekarun zuriyoyi a 1650 ya ce an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Daga baya masu buga Littafi Mai Tsarki na Turanci suka riƙa saka lambar a gefen shafi, mutane suka tashi suna ganinta kamar tana cikin nassi. Masana a yau sun auna shekarun duniyarmu kusan biliyan 4.5, na sararin samaniya gaba ɗaya kuma kusan biliyan 13.8.

Tambayar yarinyar nan kuwa ta girme mu duka. Agustin na Hifo, mutumin Afirka ne, garin da ya yi aikin bishop yana cikin Aljeriya ta yau, ya rasu a 430. Ya lura da wannan maganar ta rana ta huɗu, ya ce waɗannan kwanaki da wuya a ce irin namu ne. Har ya ja kunnen masu bi kada su riƙa faɗin shirme a kan taurari da sunan nassi a gaban wanda ya san abin, domin in ya kama mu da kuskure a abin da ya sani, ba zai saurare mu a kan tashin matattu ba.

Ina cikin filin makaranta da ɗalibaina ranar Laraba 29 ga Maris, 2006, da aka yi husufin rana a nan Katsina. Da hantsi ne, gari ya rufe, iska ta yi sanyi, kajin maigadi suka nufi akurki. Na riƙe agogo a hannu, domin tun da daɗewa an fitar da lokacin har da mintinsa, kuma bai kuskure ba. Wasu yaran na kuka, ni kuwa Irmiya 33:25 ce ta faɗo mini, inda Ubangiji ya yi maganar alkawarinsa da dare da rana da ƙa'idodin da ya kafa wa sama da ƙasa. Da bai kafa su daram ba, da wane lissafi zai yiwu?

Fasto Daga Hanyar Batsari:

Baba, da girmamawa, ban gamsu ba. Allah ya yi Adamu cikakken mutum, bai yi shi jariri ba. Me zai hana ya yi taurari tare da haskensu ya riga ya iso? Fitowa 20:11 ma ta kafa Asabar a kan kwana shida. Tsorona shi ne in muka sassauta a shafin farko, gobe yaron nan zai tambayi ko kabarin Yesu ma da gaske babu kowa a ciki. Ni a wurina kwana shida kwana shida ne.

Tsohon Malamin Labarin Ƙasa:

Fasto, tsoronka na makiyayi ne, ban raina shi ba. Amma ka duba abu guda. Hasken da ke zuwa ba fanko ba ne, yana ɗauke da labarin abin da ya faru a can. A watan Fabrairu na 1987 an ga wani tauraro ya fashe a wani ƙaramin tarin taurari da ke maƙwabtaka da namu, nisansa tafiyar haske ta shekara kusan 168,000. Mutanen kudancin duniya sun gan shi da ido ƙuru-ƙuru, ba da na'ura ba, masana kuma suka bi shi wata da watanni yana dusashewa. In an halicci hasken ne a tsakiyar hanya shekara 6,000 da suka wuce, ke nan mun kalli mutuwar tauraron da bai taɓa wanzuwa ba. Kamar a miƙo maka wasiƙa mai kwanan wata da sa hannu, alhali babu wanda ya rubuta ta. Ba zan iya jingina wa Allah wannan ba, shi da Littafin Ƙidaya 23:19 ya ce ba mutum ba ne da zai yi ƙarya.

Maganar kabari kuma tana tsaye ne a kan shaidar waɗanda suka gan shi a raye, suka ci abinci tare da shi. Shekarun taurari ba su taɓa ta ba.

Ɗan Katolika a Daura:

Yaya Malama, ki faɗa wa yaron cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa fada ne, wato limamin cocin Katolika, Georges Lemaître, ɗan Beljiyam, a 1927. Yana hidimar coci yana lissafinsa. Mu kuma mun ɗanɗana kuɗarmu a kan masanin taurari Galileo: a 1633 aka yi masa shari'a don ya ce duniya ce ke kewaya rana, aka tsare shi a gida har ya mutu, kuma cikin ayoyin da aka kafa hujja da su har da ta Joshuwa 10 inda rana ta tsaya. Sai a 1992 Fafaroma John Paul na Biyu ya amince a fili an yi masa ba daidai ba. Yau babu faston da ke wa'azin duniya a tsaye take, kuma Joshuwa na nan a wurinsa. Ko ranar Ista ma ai da cikar wata ake sa ta, shi ya sa take yawo tsakanin Maris da Afrilu.

Malamar Matasa:

Na gode ƙwarai, Baba, Fasto, da kai ƙanena. Ran Lahadi zan gaya musu gaskiya: lambar 6,000 ba aya ba ce, masu bi na kirki sun bambanta a kan tsawon kwanakin, amma babu wanda ya bambanta a kan wanda ya yi su. Zan karanta musu Ayuba 38, inda Allah ya tambayi Ayuba ko zai iya ɗaure taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Fasto, zan faɗi ra'ayinka yadda ka faɗe shi, ba zan rage ba. Baba, wai Andoromedan nan ana iya ganinta daga nan?

Tsohon Malamin Labarin Ƙasa:

Ana gani, 'yata, amma ba daga cikin gari ba, fitilu sun yi yawa. Ki bari sai bayan ɗaukewar damina, Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazo ya sauka, a daren da babu farin wata. Wajen ƙarfe tara za ta taso sama sosai ta wajen arewa, ɗan fari-fari ne dishi-dishi, kuma ya fi fitowa in kin kalle shi da gefen ido. Ina da tsohon madubin hangen nesa na hannu, zan ba ku aro. Ki fara neman izinin iyayensu da na dattawan ikilisiya, kuma saboda yanayin tsaro kada ku yi nisa, harabar wata coci a gefen gari ta isa in an kashe janareta. Fasto, kai ma ka zo.